Wa Ke Tafiya, Wa Ke Tsaye? Lacca Kan Maganaɗisun Caji Mai Motsi



 Tambaya ɗaya tak na zo da ita yau, kuma ita za mu yi ta juyawa har lokacin da aka ba ni ya ƙare. Ga ta.

A ce mutum ya shiga jirgin ƙasa da ƙananan ƙwallaye biyu, kowanne ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya. Ya ajiye su a kan tebur, ɗaya ta wajen taga, ɗaya ta wajen hanyar wucewa. Jirgi ya miƙe a kan layi, ba ya ƙara gudu, ba ya ragewa. A wurin wannan fasinja ƙwallayen a zaune suke. Abin da ya koya a aji shi ne caji iri ɗaya yana tunkuɗe juna, kuma cajin da ke zaune wuri guda ba ya haifar da maganaɗisu. Don haka zai ce akwai tunkuɗa ta lantarki, shi ke nan. To amma ga wani mutum tsaye a tasha, jirgin ya wuce ta gabansa. Shi a idonsa ƙwallayen gudu suke yi. Shi ma ya yi makaranta: caji mai gudu kwararar lantarki ne, kwarara tana haifar da maganaɗisu, kuma kwarara biyu da suka nufi waje ɗaya suna jan juna. Zai ce akwai tunkuɗa, akwai kuma ja. Ƙwallayen dai su ne, teburin shi ne. Shin akwai maganaɗisu a cikin taragon nan ko babu?

Kafin mu yi musu shari'a, bari mu ga inda kowannensu ya samo hujjarsa.

A shekarar 1820, a birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak, Hans Christian Ørsted ya lura cewa idan ya haɗa waya da batir, allurar kamfas da ke kusa da wayar tana karkacewa. Kafin nan lantarki da maganaɗisu kowanne da babinsa a littafi. Labarin ya isa Faris a watan Satumba na shekarar, cikin 'yan makonni André-Marie Ampère ya nuna cewa ba sai da kamfas ba ma: wayoyi biyu a jere, idan wuta ta bi su ta fuska ɗaya sai su ja juna, idan ta saɓa sai su tunkuɗe juna. Saura tambaya guda. Shin abin na waya ne kawai, ko kuwa duk cajin da aka ɗauka aka yi gudu da shi zai yi haka? Wani Ba'amurke mai suna Henry Rowland ya gwada a Balin a 1876, a ɗakin binciken Helmholtz. Ya ɗora caji a kan faifai, ya juya faifan da ƙarfi, allura ta motsa. Motsin ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa shaida. Ke nan mutumin tasha bai yi ƙarya ba.

Akwai rabi na biyu na dokar, wanda muke dangantawa da Hendrik Lorentz ɗan ƙasar Holan. Filin maganaɗisu, wato yankin da tasirinsa ke kaiwa, ba ya taɓa cajin da ke zaune. Sai caji ya motsa yake tura shi, kuma turin a kaikaice yake zuwa, ba gaba ba, ba baya ba. Gwargwadon gudun cajin, gwargwadon ƙarfin turin.

Ku dubi dokokin nan biyu da kyau. Ta farko ta ce gudu ke haifar da maganaɗisu. Ta biyu ta ce mai gudu kaɗai ke jin sa. Gudu dangane da wa? Mu da muke zaune a wannan zaure, duniya tana tafe da mu kilomita 30 a kowace daƙiƙa a zagayenta na rana. Wanda ya ce wannan teburi a tsaye yake, a tsaye yake dangane da daɓen zaure kawai. Tun 1632 Galileo ya rubuta cewa mutumin da aka rufe a cikin jirgin ruwa mai tafiya sumul ba zai iya gane ko jirgin na tafiya ko yana tsaye ba, kome gwajin da ya yi a ciki. Wannan magana ta zauna daram a fannin motsin abubuwa har shekara ɗari biyu da ɗoriya. Sai ga maganaɗisu ya zo kamar zai rushe ta, domin idan ƙarfin da ke tsakanin ƙwallaye biyu ya dogara da gudunsu, ai fasinja zai iya auna ƙarfin ya san gudun jirginsa ba tare da ya leƙa taga ba.

Masanan ƙarni na 19 sun ɗauki wannan da gaske. Sun yi imani akwai wani abu da ya cika sararin samaniya, suka kira shi eta, suka ce shi ne a tsaye na haƙiƙa, duk wani gudu da ke cikin dokokin lantarki dangane da shi ake auna shi. Suka bazama neman gudun duniya a cikinsa. Michelson da Morley sun nema da haske a birnin Cleveland a 1887, ba su ga kome ba. A 1903 Trouton da Noble a Landan suka yi gwajin da ya fi kusa da tambayarmu: suka rataye faranti biyu masu caji a kan siririn zare, suna jiran maganaɗisun da gudun duniya zai haifar ya murɗa su. Farantan ba su murɗa ba. A wancan lokacin an riga an sami wasu alamu. Oliver Heaviside ya lissafa a 1888 cewa filin caji mai gudu yana matsewa ta fuskar tafiyarsa, George FitzGerald kuma ya kawo shawara a 1889 cewa watakila abubuwa ma kansu haka suke matsewa. Lorentz ya gina lissafin har ya kusa kammala shi a 1904. Amma duk suna riƙe da eta.

Wanda ya saki eta shi ne Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a Suwizalan. Mutane da yawa suna zaton takardarsa ta 1905 a kan taurari ko jiragen sama jannati take magana. Ko kusa. Takenta ma a kan lantarki da maganaɗisun abubuwa masu motsi ne, kuma da maganaɗisu da naɗin waya ta buɗe. Michael Faraday ya gano tun 1831 cewa idan ka kusantar da maganaɗisu ga naɗin waya wuta za ta kwarara, haka kuma idan ka riƙe maganaɗisun ka kusantar da naɗin. Masu gyaran wutar mota sun san fuskokin nan biyu: a tsohon dainamo naɗin waya ke juyawa a tsakiyar maganaɗisu, a altaneta ta yanzu maganaɗisun ke juyawa, naɗin yana zaune. Abin da ya dami Einstein shi ne littattafan zamaninsa suna ba da bayani biyu mabambanta. Idan maganaɗisu ke motsi, sai su ce ya haifar da filin lantarki, shi ya tura cajin cikin waya. Idan waya ke motsi, sai su ce babu filin lantarki ko kaɗan, turin maganaɗisu ne. Alhali in dai gudun kusantar juna ɗaya ne, wutar da ake samu ɗaya ce, ba ƙari ba ragi. Ya ce bambancin a bakin masu bayani yake, ba a cikin abin da ke faruwa ba.

Daga nan ya kafa ƙa'idoji biyu. Ta farko, dokokin halitta ɗaya ne a wurin duk mai kallon da ke tafiya sumul, babu wanda mazauninsa ya fi na wani zama na gaskiya. Ta biyu, gudun haske ɗaya ne a wurinsu duka, kilomita 299,792 da 'yan kai a daƙiƙa. In ka karɓi waɗannan biyun, dole ka karɓi abin da suka haifa: abin da ke wucewa ta gabanka da gudu, tsawonsa ta fuskar tafiya yana raguwa a ma'auninka, agogonsa kuma yana tafiya a hankali a kan naka. A kashi 87 cikin ɗari na gudun haske, tsawo yana komawa rabi. A gudun da muka saba da shi kuwa abin ba ya ganuwa. Jirgin ƙasa mai tsawon mita 200 da ke gudun kilomita 100 a sa'a, raguwar tsawonsa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙwayar zarra guda ba.

A nan ne ɗalibi mai hankali zai ce, to Malam, in haka ne ina ruwan wannan da wayar da ke ɗakina? Ina roƙon ku ba ni hankalinku sosai a wannan gaɓa, domin ita ce zuciyar laccar. Hujjar da zan bi wani masani a jami'ar Yale, Leigh Page, ya fara shimfiɗa ta a 1912, Edward Purcell kuma ya yaɗa ta da littafinsa na koyarwa a 1965.

Mu ɗauki wayar jan ƙarfe irin wadda masu wayarin ke kira tu-foyin-faif, wato mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Mu haɗa ta da batirin sola, wuta amfiya 10 tana bi ta cikinta ta fuska ɗaya. A cikin wayar akwai jama'a biyu. Akwai ƙwayoyin jan ƙarfen kansu, masu cajin fulos, suna zaune daram a gurabensu. Akwai kuma ƙwayoyin ilektiron masu cajin mainos, waɗanda ba su da mazauni, su ne ke kwarara. A kowace mita ta wannan waya, ilektiron masu yawo sun kai adadin da za a rubuta da lamba 2 da sifiri 23 a bayanta. Saboda yawansu, ba sa bukatar sauri kafin su kai amfiya 10. Kowannensu yana ta zirga-zirga ta ko'ina da gudu mai tsanani, amma in aka haɗa aka raba, gaba ɗayansu suna matsawa gaba ne da kimanin milimita 0.3 a daƙiƙa. Mita ɗaya a sa'a ke nan. Ƙwan fitila yana kamawa nan take ne domin wayar cike take da su tun farko, saƙon turin ne ke tafiya da sauri, ba su ba.

A wurinmu da muke tsaye kusa da wayar, fulos da mainos sun yi daidai a kowace mita, wayar ba ta da rarar caji. Yanzu a saki wani ilektiron guda a waje, kusa da wayar, yana tafiya a jere da na ciki, da irin gudunsu. Me zai faru? Mu za mu ce babu ƙarfin lantarki a kansa tunda wayar ba ta da rara, amma akwai filin maganaɗisu kewaye da wayar, shi kuma yana motsi, don haka za a ja shi zuwa jikin wayar. Kuma haka ake gani in an gwada.

To mu koma mazaunin wannan ilektiron, mu yi tafiya tare da shi. Yanzu a wurinmu a tsaye yake cik. Filin maganaɗisu na nan, amma ba ya taɓa abin da ke tsaye. Duk da haka mun san zai karkata zuwa wayar, domin ba zai yiwu ya bugi waya a idon wani ya ƙi bugunta a idon wani ba. Me ke jansa?

Ku duba cikin wayar daga wannan sabon mazauni. Ilektiron na ciki sun tsaya, tunda gudunmu ɗaya da su. Ƙwayoyin jan ƙarfe ne yanzu ke wucewa baya. Abin da ke gudu tsawonsa na raguwa, don haka tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin fulos ta matse, sun ƙara yawa a kowace mita. Su kuwa ilektiron, da muna ganinsu a matse saboda gudu, yanzu da suka tsaya tazararsu ta buɗe, sun ragu a kowace mita. Fulos ya ƙaru, mainos ya ragu. Wayar da muka ce ba ta da rara, a wannan mazauni tana da rarar fulos, kuma fulos yana jan mainos. Ƙarfin lantarki ne zalla, irin wanda Coulomb ya auna tun 1785. In ka zauna ka yi lissafin, ƙarfin da ya fito ya yi daidai da wanda mutumin farko ya kira na maganaɗisu.

Nawa ne wannan rara? Gudun ilektiron ɗinmu kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na gudun haske. Rarar tana tafiya ne da wannan kaso in an ninka shi da kansa, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan sau tiriliyan, lamba 1 da sifiri 24. Rabinta daga matsewar fulos, rabi daga buɗewar mainos. In ka ninka wannan da yawan ilektiron da ke cikin mita guda, za ka sami abin da ni har yau yake ba ni mamaki: rarar ba ta wuce cajin ilektiron ɗaya tak a kowace mita biyar ta waya ba.

Ta yaya abu ƙanƙani haka zai juya fanka, ya tayar da injin markaɗe? Amsar ita ce ƙarfin lantarki ƙato ne fiye da yadda muke zato, ba ma jin sa ne kawai domin fulos da mainos sun kashe juna a cikin kome. Cajin ilektiron masu yawo a mita ɗaya ta wayarmu ya kai kulom 34,000. Da za a iya tsame wannan caji a jera shi shi kaɗai, a jera irinsa a nesan mita ɗaya, tunkuɗar da ke kan kowace mita za ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da duniya ke riƙe wata da shi. Ɗauki kashi ɗaya cikin tiriliyan sau tiriliyan na wannan, sai ka sami nauyin miligiram biyu. Wannan shi ne daidai jan da Ampère zai auna tsakanin wayoyi biyu masu amfiya 10 a nesan mita ɗaya. Ka matso da su, ka naɗe wayar sau ɗaruruwa, ka sa ƙarfe a tsakiya, ka sami inji mai juya fanka. A manyan tashoshin wuta, in aka sami gajeren haɗi wuta ta kai amfiya 10,000, sandunan jan ƙarfe biyu masu tazarar santimita 10 suna jin ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20 a kowace mita, shi ya sa ake ɗaure su tamau. Har ma'aunin amfiya kansa, daga 1948 zuwa 2019, da wannan ja na tsakanin wayoyi biyu aka ayyana shi.

Gudun haske da ya shigo cikin wannan lissafi ba baƙo ba ne. A 1856 Weber da Kohlrausch a Jamus sun auna yadda ma'aunin lantarki yake in an gwama shi da na maganaɗisu, sai wani gudu ya fito. James Clerk Maxwell ya duba a 1862, ya ga kusan kilomita 310,000 ne a daƙiƙa, dab da gudun hasken da Fizeau ya auna a 1849. Daga nan ya gane haske kansa igiyar lantarki da maganaɗisu ce. Alamar tana nan fiye da shekara arba'in kafin Einstein, ba a dai gama karanta ta ba.

Akwai tambayoyi biyu da ɗalibai ke yi a nan, kuma duk biyun suna da kyau. Ta farko: in gudu na matse tazara, me ya sa ilektiron ba su matse sun sa wayar ta zama mainos a wurinmu ba tun lokacin da aka kunna wuta? Dalili shi ne tazarar ilektiron ba sanda ba ce mai tsawo ƙayyadadde. Da'irar waya a rufe take, tsawonta a ɗakinmu bai canza ba, yawan ilektiron ɗin cikinta bai canza ba, don haka tazararsu a ma'auninmu tana nan yadda take. In wata rara ta taso ma, tunkuɗar junansu za ta watsa ta nan da nan. Abin da ƙa'idar ta ce shi ne, kome tazarar da muka auna, wanda ke tafiya tare da su zai auna wadda ta fi ta faɗi. Ta biyu: daga ina rarar fulos ta fito, ko an ƙirƙiri caji ne? Ba a ƙirƙira ba. Kowace da'ira tana da wayar zuwa da wayar dawowa. A mazaunin da wayar zuwa ta zama fulos, wayar dawowa ta zama mainos daidai gwargwado, jimla sifiri. Saɓanin ya samo asali ne daga ƙirga. In za ka ƙirga ilektiron nawa ne a wannan yanki na waya, dole ka rufe ƙofar shiga da ta fita a lokaci guda. Masu kallo biyu da ke motsi dangane da juna kuwa ba sa yarda a kan abin da ya faru a lokaci guda a wurare biyu. Cajin kowane ilektiron shi ba ya canzawa da gudu, kuma an gwada: ƙwayar iskar hiliyom da tagwayen ƙwayar haidirojin duk suna da firoton biyu da ilektiron biyu, motsinsu a ciki ya sha bamban, amma duk biyun ba su da rarar caji iyakar abin da na'ura ta iya aunawa.

Yanzu za mu iya yi wa fasinja da mutumin tasha hukunci. Fasinja ya auna tunkuɗar lantarki, ya ga ƙwallayen sun rabu da juna cikin wani lokaci a agogonsa. Mutumin tasha ya ga filin lantarkin ya ƙara ƙarfi ta gefe, kamar yadda Heaviside ya lissafa, ga kuma jan maganaɗisu yana rage shi. Da ya haɗa biyun, tunkuɗar da ta saura ta gaza ta fasinja, don haka a wurinsa ƙwallayen sun fi jinkirin rabuwa. Jinkirin nawa? Daidai gwargwadon yadda yake ganin agogon cikin jirgin yana jinkiri. In ƙwallo ya faɗo daga bakin tebur lokacin da agogon tarago ya nuna ƙarfe goma, duk su biyun za su shaida haka. Na'urar auna maganaɗisu da ke cikin jirgi za ta nuna sifiri, ta tasha za ta nuna wani abu, kuma kowannensu zai iya lissafa abin da na'urar ɗan'uwansa za ta nuna.

A jirgin ƙasa wannan bambanci ya fi ƙarfin kowace na'ura. Inda yake fitowa fili shi ne cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda ake koro firoton a cikin zobe mai tsawon kilomita 27. Ana cusa firoton fiye da biliyan ɗari a dunƙule guda, dukkansu fulos, kowanne yana tunkuɗe ɗan'uwansa. A cikakken gudunsu, jan maganaɗisu yana cinye tunkuɗar lantarki har abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan hamsin ba. In ka tambayi wanda ke tafiya tare da su, zai ce babu wani ja, suna tunkuɗe juna sosai, mu ne kawai muke ganin agogonsu yana tafiya sau dubu bakwai a hankali a kan namu. Injiniyoyin wurin sun san wahalar tunkuɗa a farkon tafiya take, lokacin da firoton ba su yi gudu ba tukuna, shi ya sa suka gina sabon injin farko da ke ƙara musu ƙarfi kafin a zuba su a zoben farko. A wuraren da dunƙule biyu ke karo kuwa, tunda sun saɓa hanya, maganaɗisun ƙara wa tunkuɗar ƙarfi yake yi.

Wani ɗan misali a gefe, don na san akwai masu sha'awar jirgin sama a nan. Jirgi mai faɗin fukafukai mita 60 da ke gudun mita 250 a daƙiƙa a saman arewacin Turai, inda filin maganaɗisun duniya ke nutsawa ƙasa, yana samun kusan kashi uku cikin huɗu na bolt ɗaya tsakanin bakin fiffike da bakin fiffike. Na ƙasa zai ce maganaɗisu ne ya tura ilektiron masu gudu gefe guda. Matuƙi zai ce jirginsa a tsaye yake, filin lantarki ne ya ratsa shi. A saman arewacin Najeriya kuwa abin kusan babu, domin layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu ta nan ya ratsa, filin a kwance yake.

Saura gargaɗi ɗaya, kuma ina ganin ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci ga masu koyarwa. Wasu in sun ji wannan bayani sai su tafi suna cewa ashe maganaɗisu ruɗin ido ne, lantarki ne kawai na gaske. Wannan kuskure ne. Mutum biyu suna tsaye wuri guda a gona, ɗaya ya ce kukar can taku huɗu ce gaba, taku uku dama. Ɗayan, da ya juya ya fuskance ta, ya ce taku biyar ce gaba, babu dama babu hagu. Ba wanda zai ce dama ruɗi ce don wani ya juya ta ɓace masa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne nisan kukar. Hermann Minkowski, wanda ya koyar da Einstein lissafi a Zurich, ya nuna a 1908 cewa haka filayen nan suke: abu ɗaya ne mai lambobi shida a kowane wuri, uku muna kiransu lantarki, uku maganaɗisu, canza gudu kuma yana gauraya su kamar yadda juyawa ke gauraya gaba da dama. Nan ma akwai abin da ba ya canzawa. Ka ninka ƙarfin filin lantarki da kansa. Ka ninka na maganaɗisu da gudun haske, ka ninka abin da ka samu da kansa. Ka ɗebe na biyu daga na farko. Kowane mai kallo, kome gudunsa, amsa ɗaya zai samu.

Wannan yana da sakamako. Kusa da caji guda, ɓangaren lantarki ne ya rinjaya, don haka akwai mazaunin da maganaɗisu zai ɓace, amma babu wanda lantarki zai ɓace. Kusa da wayarmu mai amfiya 10 kuwa maganaɗisu ne ya rinjaya, kuma babu gudun da za ka yi ya ɓace. Ku tuna, ko da muka bi ilektiron ɗin nan, filin maganaɗisun yana nan, ƙwayoyin jan ƙarfe masu komawa baya ne ke haifar da shi. Abin da ya ɓace shi ne tasirinsa a kan wannan caji guda. A cikin haske kuma biyun kunnen doki suke yi a wurin kowa, ba mai iya kawar da ɗaya. Sannan maganaɗisun da ke cikin lasifika ko bakin ƙofar firji, labarin waya bai isa ya bayyana shi ba. Nasa ya fito ne daga wata siffa ta ilektiron kansa, wadda Uhlenbeck da Goudsmit suka kawo a 1925, kowane ilektiron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne ko yana tafiya ko ba ya tafiya. Wannan laccar wata rana ce, sai dai in ce da Paul Dirac ya haɗa ƙa'idar Einstein da kimiyyar ƙananan ƙwayoyi a 1928, siffar da kanta ta fito daga lissafinsa.

Ƙorafina ga yadda muke koyarwa shi ne mun raba abin da bai rabu ba. Ɗalibi yana haddace dokar hannun dama a sakandare, ya haddace ta Ampère a shekarar farko ta jami'a, sai can gaba a kawo masa ƙa'idar Einstein a matsayin labarin tagwaye da kumbon sama jannati, ya fita bai taɓa jin cewa fankar da ke kansa da wannan ƙa'ida take juyawa ba. Malamai 'yan'uwana, lissafin wayar nan ba ya bukatar ɗakin gwaji ko na'ura mai tsada, allo da alli sun isa, kuma bai fi darasi ɗaya ba. Ku kuma ɗalibai, kada ku karɓi lambobina don na faɗa. Ku nemi yawan ilektiron masu yawo a jan ƙarfe, da cajin ilektiron guda, da gudun haske, duk suna bayan littafinku. Ku canza kaurin wayar zuwa 1.5, ku mai da wutar amfiya 5, ku lissafa mita nawa za a bi kafin a sami rarar ilektiron ɗaya. Wanda amsarsa ta saɓa wa ta abokinsa, su zo tare mu duba.